Farar da Na Zaunar wa Kawu

Wata safiyar Talata ce a farkon watan Oktoba na 1976, gero ya nuna ana shirin girbi, raɓa ta jiƙa mini zane har gwiwa. Kawu Ma'azu yana kwance rub da ciki a bakin gonarmu ta gabas da Dungas, ya tattare rigarsa ya ɗaure a ƙugu, kamara a hannu, ni kuma ina tsugune daf da kunnensa ina yi masa raɗa: matso, ƙara kaɗan, tsaya nan. A kan ganyen wake, bai fi taƙi ɗaya daga hancinsa ba, wani ƙaton babe ne yake shan ɗumin rana, irin farar nan mai kauri da yara ke faɗa a kanta in an soya. Masu tafiya gona a kan jakuna suna wucewa suna cewa sannu da aiki mai hoto, in sun gota sai ka jiyo dariyarsu. Kawu bai ɗaga kai ba. Ya riƙe numfashi, yatsansa ya fara sauka a hankali, sai babe ya yi fir ya faɗa cikin gero. Kawu ya mirgina ya kwanta rigingine yana dariya har da riƙe ciki, wai yau ma ya ƙi mu. Ni kuwa ko murmushi ban yi ba, domin a daidai lokacin na jiyo an buga ƙarfen lakwal, wato makarantar boko, daga can cikin gari, kuma na san abin da yake jirana. Safiya ta uku ke nan a jere da nake makara.

Shekarata goma a lokacin. Tun da aka yaye ni aka kai ni wajen kakata, wadda muke kira Iya, kuma mu biyu ne rak a gidan sai awaki har bazarar wannan shekara, da Kawu ya sauka daga bayan kamyo, babbar motar kaya, da adaka ɗaya da rediyo. Yayan mahaifiyata ne. Ya fi shekara ashirin a Damagaram yana da shagon hoto, mafi yawan aikinsa hoton katin ɗan ƙasa ne da na 'yan lakwal masu shiga jarrabawa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata sun yi aure, sannan idanunsa suka fara yi masa gardama. A asibiti aka gaya masa gaskiya ba a ɓoye ba: ciwon ba shi da magani, ganin zai riƙa raguwa kaɗan-kaɗan har ya ɗauke, kuma babu wanda zai iya cewa ga ranar. Sai ya bar wa yaron shagonsa shagon, ya ɗauko kamara ɗaya da naɗin fim biyar, ya dawo gidan uwarsa. Yana gane mutum daga tsayuwarsa da tafiyarsa, yana zuwa masallaci ba sanda, amma ƙaramin abu kamar allura ko idon fara sai dai duhu-duhu.

Mutanen gari sun ɗauka da fim ɗin nan zai ɗauki limami da mai unguwa da amare. Ina! Kawu ya ce ya ƙoshi da fuskar ɗan Adam. "Mutum in ya ga kamara sai ya aro fuskar wani ya sa. Ƙwaro kuwa da tasa yake zuwa." Abin da ya sa a gaba shi ne fara. Tun yana yaro yake jin Iya tana kiran kowace iri da sunanta, ya kuma lura 'yan matan da ya baro a birni fara kawai suka sani, soyayya da yaji. Ya ƙudurta kafin idonsa ya rufe sai ya ɗauki kowace ɗaya a inda take zaune, da ranta, ya liƙa a littafi da sunan da Iya ta ba ta. Da yake ba ya iya daidaita gilashi da ido kamar da, sai ya yi wata dabara. Ya ɗaura wani gajeren bututu tsakanin kamara da gilashinta don ƙaramin abu ya fito ƙato, ya kuma sa maƙeri ya lanƙwasa masa waya ya ɗaure a ƙasan kamarar, ya auna tsawonta daidai. Duk abin da ya yi daidai da bakin wayar zai fito tar. Saura wanda zai nemo farar, ya kai shi wurin, ya gaya masa bakin waya ya iso. Ni ce wannan. Dokarsa ɗaya ce, ya kuma maimaita mini ita har na gaji da ji: kada in taɓa. Ya ce da zarar hannu ya taɓa ta, ba ita ba ce kuma.

Akwai wani aikin kuma da babu mai iya yinsa sai ni. Kawu ɗan farin Iya ne, kuma Iya mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari gam. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama hira da shi, ko tuwo ba ta miƙa masa hannu da hannu. Mutum ya yi furfura, amma in zai gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa fuskarta tana duban bango. In tana da magana sai ta ce da ni, gaya wa mutumin can ruwan wankansa yana hucewa, alhali yana zaune taku biyar daga inda take. Saboda haka bayan la'asar ni nake zama kusa da ita tana kaɗi, in kwatanta mata farar da muka gani, ta faɗi sunanta da inda take kwana da ko ana ci, in ɗauko in kai wa Kawu a zaure, ya sa in rubuta a kaye, littafin rubutun makaranta, da rubutuna na 'yar lakwal. Akwai farar sabara, akwai ta kalgo, akwai mai jan cinya, akwai wata siririya kamar tsinke da Iya ta ce ko kaza sai yunwa ta ishe ta take ci. In Kawu ya yi gardama, in koma in faɗa, Iya ta taɓe baki ta ce mutumin birni me ya sani. Wani lokacin ina ƙara wa saƙon gishiri don in ji suna dariya kowa a wajensa. Duk abin da ya ratsa tsakanin uwa da ɗa a gidan nan, ta bakina ya bi.

Kada a ɗauka zaman banza nake yi da aka ɗora mini wannan. Kafin in tafi lakwal sai na kai tulu biyu daga rijiya, na share tsakar gida, na saki awaki na kai su bakin gari wajen makiyayi. In na dawo da rana ga surfe yana jirana, da yamma ga tsinkar wake ko kalar gyaɗa. Ɗan lokacin da ya rage shi ne na carafke a gindin darbejiyar lakwal, da gaɗa, da tsokanar yara maza masu ɗaure wa buzuzu zare a ƙafa suna sa shi shawagi. Fara kuwa ba ta zama sai da sassafe, lokacin da raɓa ta yi mata nauyi, wato daidai lokacin da ya kamata in kama hanyar lakwal. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, mutum ne dogo mai son tsabta, ba mugu ba ne, amma bai san wasa da makara ba. Bulala uku a tafin hannu, sannan ka durƙusa a gaban kilas har a gama lissafi. Zafin bulalar bai kai mini dariyar 'yan kilas ba, waɗanda suka laƙaba mini suna jagorar fara. Ni kuma ga zuciya, ga girman kai, ban taɓa gaya wa Kawu ana dukana ba. Shi kuwa ga ƙarancin fim, ba ya danna kamara sai ya tabbata. Sai mu shafe safiya guda muna rarrafe mu tashi ba hoto ko ɗaya, shi yana dariya ni ina cizon leɓe.

A garinmu kamun fara aikin mata ne da 'yan mata, kuma tun ina shekara biyar nake bin Iya. Ana fita da jijjifi da ƙwarya ko tsohuwar jaka, a bi kunya-kunya ana tsince su a kan ganye. Kowace mace ta san yadda ake yi ba tare da an koya mata da baki ba. Ki cafke, ki matsa ƙirjin tsakanin babban yatsa da manuni har ki ji ɗan ƙas, ki karya manyan ƙafafun a gwiwa, ki jefa a ƙwarya, hannunki ya riga ya kai kan ta gaba. In ba ki yi haka ba, kafin ki waiga rabin ƙwaryar ta watse. Mata suna yi suna hira, suna gulma, ko duban hannunsu ba sa yi. A cikin sa'o'ina babu wadda ta kai ni sauri, har Iya takan yi alfahari da ni a bakin rijiya.

Safiya ta huɗu na yi gaba na bar Kawu yana lallaɓowa a kan hanya. Na ga baben nan, ko ɗan'uwansa, a kan karan gero. Wallahi ban yi niyya ba. Hannuna ne ya tafi da kansa, kafin in tuna da doka na riga na ji ƙas a tsakanin yatsuna. Na tsaya da shi a tafin hannu. Da na yar da shi a nan, da babu wannan labari. Sai na ɗora shi a kan ganyen wake don in ga abin da zai yi, ya kuwa zauna ɗas, ƙahonninsa kawai ke ɗan motsi. Na sa tsinke na gyara masa ƙafafun suka koma kamar yadda suke, na ɗaga murya na kira Kawu. Ya kwanta, na ce matso, na ce tsaya, kamara ta yi ƙyas. Ya sake ɗauka ta gefe, babe bai gusa ba. Kawu ya tashi zaune yana kallon inda nake, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Laure, ke kam Allah ya yi miki sanyin jini. Ko ƙwaro ba ya gudunki." Ranar na riga Mushe shiga kilas.

Daga nan kuma ba zan ɗora wa hannu laifi ba, da sanina na ci gaba. Na ƙware har na san iyakar matsar da za ta hana fara tashi ba tare da ta kife ba. Kullum sai in ce wa Kawu ya jira a gindin gawo kada motsin mutum biyu ya kore su, in shiga in gama shirina, sannan in zo in kama hannunsa. In an ɗauka, in faki idonsa in ƙulle farar a bakin zane ta shiga tukunyar Iya. Cikin sati uku muka yi abin da da sai mu shekara ba mu yi ba. Kawu ya riƙa ba da labarina a majalisa, har ya ce in na girma shi zai bar mini kamarar. Abin haushin shi ne ina jin daɗin kwanakin nan da gaske. Shi ya koya mini in kwanta a ƙasa in dubi gona daga tsayin tururuwa. Sai ya ce in gaya masa abin da nake gani, in ce ga zanzaro yana ɗauke da laka, ga mazari ya tsaya cak a iska, ga kurkuɗu yana watso yashi daga ramin da ya haƙa, shi kuma ya lumshe ido yana gyaɗa kai yana cewa ci gaba. Abu biyu ne kawai ban taɓa ba. Ɗaya farar tumfafiya, mai zane rawaya da baƙi, wadda ba a ci kuma warinta ba ya barin hannu, ita dama ba ta da gaggawa. Ɗayan kuma ƙoƙi-ƙoƙi, wanda nake tsoro. Shi kam sai da muka kwashe rabin safiyar Alhamis, ranar da ba lakwal, kafin ya juyo da kansa ya dube mu.

Da aka gama girbi aka ɗaure dammuna, Fulani suka sauko da shanu cikin kara, matansu suna shigowa da nono suna fita da gero, Kawu ya ba wani direban kamyo naɗi uku ya kai wa yaron shagonsa a wanke. Muka yi wata guda muna jira. Ranar da ambulan ɗin hotunan ya iso, Kawu ya wanke hannu kamar zai ci abinci, ya zauna a bakin zaure inda haske ya fi yawa, ya riƙa ɗaga hotunan ɗaya bayan ɗaya yana kai su har kan hancinsa. Can ya sauke hannu ya ce shi dai yana ganin siffa, in zo in duba masa. Na karɓa. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Fara ta fi tafin hannuna girma, idonta saƙa-saƙa kamar faifai, ga ƙayoyin ƙafarta a jere, ga ɗigon raɓa a bayanta. Amma gilashin bai tsaya nan ba. Ya nuna gwiwar da ta juya baya, ya nuna ƙirjin da ya lotsa, ya nuna baƙin ruwan nan da fara ke fitarwa ta baki in an matsa ta. Abin da na gyara da tsinke na ɗauka ya ɓoyu, ga shi nan a fili a hoto bayan hoto. Kawu ya tambaye ni yaya suka fito. Na ce sun fito ras. Ya ce alhamdu lillahi sau uku, na ga ya share ido da bakin riga.

Ya sa na dama ƙaro muka liƙa su a babban littafi, na rubuta sunaye a ƙasa. Da muka gama sai ya ce in kai wa tsohuwa ta ga aikinta. Iya tana bakin murhu. Ta goge hannu, ta buɗe shafin farko, ta buɗe na biyu, na uku. Matar da ta shekara sittin tana kamun fara ba ta bukatar a yi mata bayani. Ta rufe littafin ta miƙo mini, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba za a ji a zaure ba. "Waɗannan na tukunya ne. Hannunki na gani a ciki. Ke za ki gaya masa, kin san ni ba zan iya ba." Na ce to. Na koma zaure, Kawu ya tambayi abin da ta ce, na ce ta ce an gode, aiki ya yi kyau. Na yi wa kaina alkawari gobe zan faɗa. Goben ta zo na same shi yana shafa bangon littafin yana 'yar waƙa, na ce bari sai jibi.

Ana haka wani ma'aikacin gona ya zo turne, wato rangadi, daga Magarya, ya ji labarin littafin a gari, ya biyo gidanmu. Saurayi ne mai ladabi, ya cire takalmi tun daga waje. Ya ce suna neman hotunan fara da za su riƙa nuna wa manoma, a san wadda ke cin gero da wadda ba ruwanta, kuma bai taɓa jin wanda ya haɗa hoto da sunayen Hausa ba. Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce in zauna kusa domin ni ce idonsa. Baƙon ya fara buɗawa yana yabo, sai yabon ya riƙa raguwa, har ya koma juya shafi kawai. Daga bisani ya gyara murya ya ce a gafarce shi, aikin kamara dai babu kamarsa, amma farar kusan duka matattu ne ko masu shirin mutuwa, ƙafafunsu a karye, ƙila waɗanda aka tattake ne ko tsuntsu ya yar. Ya ce da ƙafar baya da yanayin tsayuwa ake bambance iri da iri, manomi ba zai gane ta gonarsa a nan ba. Ya nuna biyu ya ce waɗannan kam da ransu, farar tumfafiya da ƙoƙi-ƙoƙi, ya roƙi a ba shi su. Ko a lokacin na san kara ce kawai ya yi, domin babu mai cin gero a cikinsu. Sai ya ɗago ya dube ni, ba da zargi ba, duba dai irin na tambaya. Kafin ya buɗe baki Kawu ya riga shi. "Yarinya ce, abin da ta samu take nuna mini. Ni ne mai hoto, ni ya kamata in gani."

Bayan baƙon ya tafi na zauna ina jiran a tambaye ni. Da ya tambaya, ko da tsawa ce, na rantse da na faɗa. Bai tambaya ba. Yana zaune da littafin a cinya ya ce, kamar da kansa yake magana, ya ɗauka da sauran lokaci, ashe idon ya riga ya tafi shi ne bai sani ba. Ya ce mai hoton da ba ya bambance mai rai da matacce a taƙi ɗaya ya gama aiki, gara ya tsaya da mutuncinsa. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna da majalisa da sanyin jini da kamarar da aka ce za a bar mini, na fasa. Ya kwance wayar, ya naɗe kamara a tsohon rawani tare da naɗin fim biyu da suka rage, ya sa a ƙasan adaka ya rufe. Ya ce in tashi in ɗebo ruwa kada magariba ta yi mini a rijiya.

Kwana biyu da Iya ta ga ba ma fita, ta tare ni a bakin turmi ta ce, kin gaya masa? Na ce na gaya masa. Ta yi ajiyar zuciya ta ce to madalla, fushi ne, zai huce, kada in ƙara tayar da zancen. Da wannan na toshe ƙofa ta ƙarshe. Iya ta zauna a kan cewa ɗanta ya san gaskiya ya zaɓi ya ajiye kamara. Kawu ya zauna a kan cewa idonsa ne. Taku biyar ne tsakaninsu, kalma ɗaya daga bakinta da ta warware komai, amma ba za ta faɗa ba, shi ma ba zai tambaya ba, kuma na san da haka lokacin da na yi ƙaryar. Wannan ne abin da har yau ba na iya yafe wa yarinyar nan. Na yi amfani da kunyar da take tsakanin uwa da ɗanta na ɓuya a ciki.

Da kaka ta zagayo na yi ƙoƙarin gyarawa ta bayan fage. Na same shi a ƙofar gida na ce fara ta yi yawa bana, mu fita, wannan karon zan nemo masu ƙarfi, ko za mu wuni ba komai. Ya yi murmushi ya shafa kaina. Ashe a tsakanin nan wani ya ba shi labarin bulalar bara. Ya ce shi ne ma ya kamata ya nemi gafarata, ya sa ana dukana bai sani ba. "Tafi lakwal, Laure. Kada a ƙara taɓa ki saboda makaho." Alhali ba makaho ba ne. Damina biyu cur ya ƙara yana gane akuyarmu a cikin garke, yana ganin hadari in ya taso daga gabas, yana gaya mini zanena ya karkace. Ganin da ya rage masa ya isa ya ƙare fim biyun nan har ya nemi wani. A kan tabarma a ƙofar gida ya ƙarar da shi, da rediyo a gefe. Na ci jarrabawa na tafi kolej a Magarya, duk hutu in dawo da niyyar faɗa, duk hutu in ga ya ƙara tsufa in ce yanzu kuma me zai amfana masa. Iya ta riga shi tafiya. Shi kuma ina Damagaram ina karatun malanta aka aiko mini ya rasu. Ko ya taɓa zargin wani abu? Na juya wannan tambaya iya juyawa, ban ga alama ba. Mutum ne da ya fi saurin tuhumar kansa a kan ya tuhumi yaro.

Yanzu na yi ritaya bayan shekaru ina koyarwa, kuma duk kaka nakan je Dungas. Inda gonarmu take gidaje ne, sai ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni mu yi nisa kafin mu tarar da gero. Fara tana nan a kasuwa tiya-tiya, soyayya, amma na tambayi 'yan matan da ke sayarwa sunayenta suka dube ni suna dariya, wai Hajiya fara ai fara ce. Ni ma kaina rabin sunayen sun zube mini, kayen kuma gara ta cinye. 'Yata ta sayo mini wani ɗan gilashi da ake maƙala wa wayar hannu, ƙwaro ya fito ƙato, ka ɗauki ɗari ka goge casa'in da tara ba wanda zai ce don me. Nakan shimfiɗa ɗankwali in durƙusa da gwiwoyin nan masu ciwo, in sa hannuna ɗaya a baya, in jira. Sai da na tsufa na gane jiran ma ba shi da wani tsawo, bai fi a dama kunu a sha ba, kuma in farar ta tashi wata tana nan a kara na gaba. Ina da hotuna masu kyau yanzu, duka da ransu, babu wanda nake son nuna wa a cikin masu rai. Maganar da na kasa ba ta da yawa: Kawu, ba idonka ba ne, hannuna ne. Yau ina iya faɗarta ba gargada, mai ji ne ba ya nan.